Wasiƙar Ƙofa: In Injin Busar Da Tufafi Ya Ƙi Zafi, Kada A Ɗaure Fis

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako, don yau ina da magana da masu wanki da guga, da kuma masu kai musu kaya, watau kusan dukanmu ke nan.

Kowa ya sani a ƙasarmu, daga nan Ƙofa har Kusada da Kankiya, ba mu da abin shanya da ya kai rana. Daga kaka har bazara, in ka shanya riga da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙarau. Amma in marka ta kankama cikin watan Agusta, aka yi kwana biyu ko uku ba a ga rana sosai ba, sai ka ga babbar riga ta kwana bisa igiya, ta wayi gari da danshi, har ta soma warin fumfuna. Mai riga kuwa ba ruwansa da hadari, shi dai ranar da aka yi masa alkawari ya sani. Wannan ne ya sa waɗansu samari da suka buɗe shagunan wanki a garuruwan da wutar lantarki ta kai suke sayen injin busar da tufafi, galibi na hannu, irin wanda ake kawowa daga Turai a sayar a Kano.

Asalin injin nan daga ƙasar sanyi yake. Wani mutumin Amurka mai suna J. Ross Moore, na jihar Dakota ta Arewa inda ruwa ke daskarewa da damunar sanyinsu, shi ya ƙago irin na gida, kamfanin Hamilton kuma ya fara sayar da shi cikin 1938. Su sanyi ya kai su gare shi, mu kuwa marka.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani yaro ɗan garinmu da ke da shagon wanki a Kankiya. Ya ci bashi ya sayi irin wannan inji, ya yi ta aiki da shi lafiya, ran nan sai ya zuba kaya ya kunna, ganga na juyawa, fitila na ci, amma bayan sa'a guda ya buɗe ya tarar da kaya da sanyinsu kamar yadda ya zuba su. Ga shaddodin 'yan biki jibge a shago. Ya kira mai gyara, mai gyara ya kwance bayan injin, ya ce fis ne ya ƙone, kuma aikin ba wuya, zai ɗaure wurin da 'yar waya injin ya tashi nan take. Yaron ya yi hankali ya ce a dakata tukuna, ya zo ya tambaye ni. Amsar da na ba shi ita zan shimfiɗa a nan, don na tabbata ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba.

Da fari ya kamata mu san yadda abin ke aiki, don wanda bai san lafiyar abu ba ba zai gane cutarsa ba. Abu huɗu ne cikin injin. Akwai ganga wadda ke juya tufafi. Akwai fanka wadda ke jawo iska ta ratsa su ta fita da danshi. Akwai wata waya murɗaɗɗiya wadda ke yin ja in wuta ta bi ta cikinta, masu gyara suna ce mata kwayil, ita ke ɗumama iskar. Sa'an nan akwai masu tsaro, watau waɗansu 'yan abubuwa kamar maɓallin riga da ke manne kusa da kwayil, aikinsu su yanke wuta in zafi ya wuce kima. Wayar nan mai zafi gamin ƙarfe biyu ce, nikel wajen kashi 80 da kuromiyam wajen kashi 20, wadda Albert Marsh na Amurka ya yi wa rajista cikin 1906. Ita ce cikin dutsen guga na lantarki, ita ce cikin hita ta ruwan zafi. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan injin busarwa, rabinsa ya hau kan dutsen guga.

To, abin lura shi ne hanyar wutar da ke juya ganga dabam, hanyar wadda ke zuwa kwayil dabam. Don haka ne ganga ke iya juyawa alhali babu zafi. In da fis ɗin fulogi ne ya ƙone, da komai ya tsaya cik. Tun da ganga na juyawa, wuta na shiga, sai dai ko ba ta isa ba, ko kuwa an tare ta a hanya kafin ta kai ga kwayil. Mai bincike sai ya faro daga bango ya nufi cikin inji, ya faro daga abin da ba ya cin kuɗi kafin ya kai ga mai tsada. Kafin ya taɓa ko sukurori ɗaya kuma, lalle ya zare fulogi daga bango. Kashe maɓalli kawai bai isa ba.

Abu na fari, a duba ƙarfin wutar. Wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida, ko a ƙasar Katsina inda kamfanin KEDCO ke rarraba ta tun 2013, ko a wani wuri. Amma kowa ya san akan sami sa'ar da takan zo da rauni, musamman a ƙarshen layi mai nisa da taransifoma. Malaman lissafi za su ji daɗin wannan. Tun wajen 1840 James Joule na Ingila ya nuna yadda zafin waya ke tafiya da wutar da ke bin ta, abin da lissafinsa ya bayar kuwa shi ne, in ƙarfin wuta ya ragu da rabi, zafi ba da rabi yake raguwa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ke saura. Kwayil mai wat 2000 a bolt 230, in wuta ta sauko bolt 160, abin da zai bayar bai cika wat 1000 ba. Ganga za ta yi ta juyawa da ƙyar, iska ta yi ɗumi kaɗan, mai shago ya ce inji ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Haka kuma ƙaramin janareto wanda ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba ba zai ɗauki wannan kaya ba ko kusa. A duba soket da fulogi kuma, in an ga baƙi ko robar ta narke, wurin ya saki, a canja. Injin nan yana jan wajen amfiya 9 ko fiye, siririyar wayar jone ta rediyo ba ta iya masa, sai ta yi zafi ta narke. Wanda kuma ya sayi inji ɗan Amurka ya sani tsarin wutarsu dabam yake da namu, kada ya jona sai masani ya duba takardar da ke manne a jikinsa.

Abu na biyu, a duba maɓallai. Kada wani ya yi dariya, don an sha biyan kuɗin gyara a kan wannan. Yawancin injunan suna da wurin da ke hura iska mai sanyi zalla, da wani maɓalli na rage zafi domin yadi mai laushi. Banda wannan, wajen minti 10 na ƙarshen kowane zubi inji da kansa yake kashe kwayil ya hura iska mai sanyi don kaya su huce. Wanda ya murɗa agogon kaɗan, ko ya sa hannu a wannan lokaci, sai ya rantse babu zafi.

Abu na uku, wanda shi ne uwar cutar, a duba hanyar iska. Duk sa'ad da aka busar da tufafi, ɓarɓashin zare yakan fita daga jikinsu kamar kaɗa. Akwai rariya a bakin ƙofa wadda ke tare shi, ana so a share ta bayan kowane zubi. Akwai kuma tiyo mai faɗi a baya wanda ke fitar da iska waje. In rariya ta cika, ko tiyo ya lanƙwashe, ko ɓera ya yi sheƙa ciki, ko ƙurar hunturu ta haɗu da zaren ta daskare, iska ba ta wucewa. Kwayil kuwa yana nan yana ci, babu iskar da za ta kwashe zafinsa, sai wurin ya yi ta ƙuna har mai tsaro ya yanke wuta. Irin injin da ba shi da tiyo, wanda ke tara ruwa cikin tanki, shi ma yana da wani akwati a ƙasa mai faranta jere da ake zarowa a wanke, in ya toshe sakamakon ɗaya ne. Cusa kaya fiye da kima shi ma toshe iska ne.

Akwai wani dalili kuma da ya fi shafarmu mu da ke zaune inda akan ɗauke wuta ba sallama. In inji na tsakiyar aiki wuta ta tafi, fanka takan tsaya nan take, amma kwayil yana nan da jansa, zafin da ke jikinsa ba shi da mafita, sai ya taru ya buge mai tsaro. Haka yake in an buɗe ƙofa ana tsakiyar zafi aka bar ta. Saboda haka in an ga inji ya ƙi zafi bayan an ɗauke wuta an kawo, a fara tuhumar wannan wuri.

Abu na huɗu, a gwada masu tsaron. Galibi iri biyu ne. Ɗaya yana yankewa yana mayarwa da kansa, shi ke daidaita zafi, ana ce masa tamostat. Ɗayan kuwa shi ne na ƙarshe, wanda ba ya motsi sai abu ya ɓaci, shi masu gyara ke kira fis na zafi. A waɗansu injuna yana da ɗan maɓalli, sau da yawa ja, wanda in inji ya huce aka danna sai a ji ƙas, ya koma aiki. A waɗansu kuwa in ya yanke ya yanke ke nan, sai sabo. Gwajinsa da mitar masu gyara ake yi, wadda ke auna yadda abu ke tare wuta. Ma'aunin sunansa om, daga sunan Georg Ohm na Jamus wanda ya bayyana ƙa'idar cikin 1827. A zare wayoyin da ke jikin fis, a ɗora bakin mita biyu a ƙafafunsa. In mita ta nuna kusan sifiri, hanya a buɗe take, lafiya lau. In ba ta motsa ba, ya yanke.

Na yaron nan ya yanke, mai gyara bai yi ƙarya ba. Amma da muka ja injin daga jikin bango, sai ga tiyo a matse kamar an taka shi, cikinsa kuma cunkushe da zare har hannu ba ya shiga. An tura injin ne cikin lungu don a sami wurin ajiye kwando. Aka share tiyo, aka miƙe shi, aka aika Sabon Gari ta Kano aka sayo fis mai lamba daidai da tsohon, inji ya kama zafi.

Yanzu, jama'a, ku duba abin da zai faru da an bi shawarar ɗauri. Fis ya yanke ne don ya ga zafin da ya fi ƙarfin inji. In aka ɗaure shi da waya aka bar tiyo a toshe, an bar jaki ana dukan taiki, kuma an kori mai gadi an bar ƙofa buɗe. Kwayil zai yi ta ci ba mai tsawata masa, ga busasshen zare kewaye da shi, wanda ya fi karan dawa saurin kamawa. Shagunanmu kuwa manne suke da juna, wani na sayar da fetur a kwalba, wani katifa, ga motar kwana-kwana ba kusa take ba. Garin neman gira sai a rasa ido.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce kawai. A ranar 19 ga Agusta 2016 gobara ta tashi a wani dogon bene mai hawa 18 a unguwar Shepherd's Bush ta birnin Landan, 'yan kwana-kwana suka bincika suka ce daga injin busar da tufafi ta taso. Tun cikin 2015 kamfanin Whirlpool ya riga ya sanar cewa injuna fiye da miliyan 5 masu suna Hotpoint da Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera tsakanin Afrilu 2004 da Satumba 2015, suna da aibi, zare yana iya taruwa ya taɓa kwayil ya kama da wuta. Cikin 2019 aka yi shelar a maido da waɗanda ba a gyara ba. Waɗanda aka gyara an manna musu ɗan ɗigo kore a bakin ƙofa ko a baya. Tun da yake kayan hannu na Ingila suna shigowa kasuwanninmu, mai sayen inji mai ɗaya daga cikin sunayen nan ya nemi wannan alama. In har inji da masu tsaronsa duka yana iya tada gobara a inda motar kwana-kwana ke zuwa cikin 'yan mintoci, ina ga wanda aka ɗaure wa fis a Kankiya?

Abu na biyar, in masu tsaro duka lafiya, sai a auna kwayil kansa. Mai wat 2000 ya kamata ya nuna wajen om 26. Lissafin ba wuya: a ninka 230 sau 230, a raba da yawan wat ɗin da aka rubuta a jiki. In mita ba ta motsa ba, wayar ta tsinke, sau da yawa ma ido yana ganin wurin. Injuna da yawa kwayil biyu gare su, in ɗaya ya tsinke sai a sami ɗumi kaɗan, kaya su daɗe ba su bushe ba. Kada a yarda a ƙulla tsinkakkiyar waya, don ƙullin shi zai fi ko'ina zafi ya sake tsinkewa, ko ya taɓa jikin ƙarfe. A kuma auna tsakanin ƙafar kwayil da jikin injin: nan ba a son mita ta motsa ko kaɗan. In ta motsa, wuta na zuba a jikin ƙarfe, mai wanki kuwa hannunsa a jiƙe yake, ƙafarsa cikin ruwa. Irin wannan inji kada a kunna shi sai an canja kwayil, kuma lalle a tabbata wayar ƙasa tana haɗe a soket.

Abu na shida, in duk waɗannan sun fita lafiya, saura bakin wayoyi da suka ƙone ko ɓera ya ci, da agogo, da allon da ke sarrafa inji. Wannan aikin gwani ne, mai shago ya tsaya nan. Akwai kuma sabon samfuri wanda ba shi da kwayil sam, da kwamfireso yake ɗumama iska kamar firji da aka juya baya. Shi zafinsa dama kaɗan ne, in kuwa ya ƙi, mai gyaran firji ya fi kusa da sanin cutarsa.

Masu dutsen guga na lantarki, ga rabonku. In ya ƙi zafi, a fara da igiyar, don yawan lanƙwasa yakan tsinka wayar daga ciki daidai inda ta shiga mariƙi. Daga nan tamostat, watau abin da ke ƙarƙashin maɓallin murɗawa, sa'an nan fis na zafi, kāna kwayil, wanda in na wat 1000 ne zai nuna wajen om 53. Shi ma akan ɗaure masa fis a bakin kasuwa. Dutsen da aka yi wa haka, ran da tamostat ya manne ba abin da zai tsayar da shi, in an manta da shi a jone aka ɗauke wuta, aka maido da tsakar dare, sai dai maƙwabta su ba da labari. Na gawayi ya fi shi amana, don shi ana ganin wutarsa da ido.

Na san yawancin masu karatu ba za su riƙe sukudireba ba, amma za su tsaya bisa kan mai gyara. To, ga tambaya uku da za ku yi masa. Me ya yanke, nuna mini a mita? Me ya sa ya yanke? Abin da za ka sa, lambarsa ɗaya da wanda ka cire? Kowane fis an rubuta masa a jiki iyakar zafin da zai yanke, in aka sa wanda ya fi shi lamba, da shi da ɗauri duk tafiyarsu ɗaya. Mai gyara na kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ku kuma masu gyara, 'yan'uwana, na san mai kaya ne kan matsa muku, ya ce yau yake so, ba shi da kuɗin sabo. Ku gaya masa gaskiya ko da zai tafi wurin wani. Sunan mutum a sana'a ya fi kuɗin aikin yini ɗaya.

Sauran magana a kan tattali. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi sai ta ci fiye da rabin yunit na mita, wajen kashi 63 cikin 100 na yunit, ko da ba a yi asarar komai ba. Kwayil mai wat 2000 in ya yi sa'a biyu yana ci ya sha yunit 4. Saboda haka duk ruwan da hannu ko injin wanki zai iya matsewa, a matse shi kafin a zuba, ran da rana ta fito kuma a koma ga igiya, a bar inji domin marka da aikin gaggawa. Tufar da ta sha fetur ko kananzir ko man gyaɗa kada ta shiga ganga. Kada a bar inji yana aiki a rufe shago a tafi, kada kuma a kwashe kaya da zafinsu a jibge wuri ɗaya, a baza su su sha iska.

Kayan da ke shagon mai wanki ba nasa ba ne, amana ce. Wani rigarsa ɗaya ke nan ta fita kunya, wani ɗinkin aurensa ne da ya yi shekara yana tari. Ba mai wanki ne kaɗai zai yi hasara ba in wuta ta tashi, saboda haka mu masu kai kaya muna da bakin magana a kan yadda ake gyaran injunan da ake zuba mana tufafi a ciki. Ina roƙon malaman makaranta su karanta wa masu sana'ar da ke kusa da su wannan wasiƙa, wanda kuma ya ga wata alamar ciwon inji da ban ambata ba, ya rubuto wa Edita, mu duba ta tare a wannan fili.

Haza wasalam.

Naku,
Mai rubuto muku daga Ƙofa, ƙasar Kusada.